Masa Sunanta Masa

Ranar Talata, ƙarfe biyu, a ajinmu na Yelwa,
fanka ɗaya ke juyawa, ita ma da gardama,
Malam Gidado ya ɗauki alli ya rubuta: rana.
Muka ce ai mun san ta, ga ta can tana gasa kwano.
Ya ce a bakin Sifaniyawa, kwaɗo ake nufi.
Kaltume ta yi dariya har littafinta ya faɗi ƙasa.

Daga nan duniya ta juya mini baya.
Mesa ba ta haɗiye akuya, teburin cin abinci ce.
Boka ba ya duba ƙasa, bakin mutum ne kawai.
Kama gado ne, gata kyanwa ce mace,
baba kuwa, Allah ya ba mu haƙuri, yawu ne mai dalala.
Wannan ban kai shi gida ba.

Ni lissafin gini na zo karantawa,
na ɗauki darasin ne don cike gurbi,
na zaci ruwa ne iya idon sawu.
Sai ga alamar tambaya tsaye a kan kanta
a farkon jimla, kamar jemage a rassan kuka,
tana gaya maka tun daga nesa cewa tambaya na tafe.
Na ce wannan ladabi ne, sallama kafin shiga zaure.

A Gwallameji, in an ɗauke wuta,
ni da Bappah mukan zauna da fitilar waya.
Ya ce buenas noches, na ce ai tun ɗazu dare ya yi.
Me llamo Sabi'u, soy de Bauchi,
na maimaita har sauro ya haddace.
Harshena da ya saba kaɗa ra tun ina goye
bai sha wuyar perro ba,
amma aikatau ya kayar da ni sau bakwai a mako.

Wata rana Malam ya ce asukar, muka ji sukari.
Ya ce hasta, muka ji hatta.
Ya ce alkalde, sai ga alƙali ya leƙo.
Ashe mun taɓa cin kasuwa ɗaya da mutanen nan,
kowa ya koma gida da ƙunshinsa.

Sai wata Asabar a Wunti,
ina taya Inna Dudu juya tanda,
wani dogo ya tsaya, daga Malabo, ya zo sayen riɗi.
Hausa babu, Turanci ya ƙi shi,
yana nuni da yatsa, gumi na bin wuyansa.
Na ji ya yi gunaguni: cuánto cuesta.
Gabana ya faɗi, wata huɗu na karatu suka watse
kamar kaji sun ga shaho.
Na buɗe baki na ce cincuenta.
Hamsin ke nan. Ɗari biyar nake nufi.

Ya biya, ya cinye, ya lashe yaji a yatsa.
Inna ta dubi kuɗin, ta dube ni,
ta ce wannan boko naka tsada gare shi.

Amma kafin ya tafi ya nuna ƙullun cikin roba
ya ce masa.
Inna ta ajiye cokali. Ta ce wa ya gaya masa?
Na ce babu, haka suke kiran ƙullu a can.
Ta yi shiru, ta ƙara masa biyu a takarda,
ta ce gaya masa ya gai da gida.

Ban san yadda ake faɗin haka ba tukuna.
Na ce adiós, na ɗaga hannu.
Ranar Talata zan tambayi Malam.